Mesa a Falon Senyora

A Malanbil in ka ce kana neman Ummaru, sai a tambaye ka wanne daga ciki, don muna da yawa. Amma in ka ce Ummaru Panya, kowace mai sayar da albasa a kasuwa za ta nuna maka gidana da ke bakin kogi. Panya tsibiri ne a cikin teku, can gaba da Kalaba, inda a zamaninmu Turawan Sifen ke da gonakin koko. Can na kai ƙarfin samartakata, can kuma na koyo harsuna biyu waɗanda ba wanda ya aike ni koyonsu.

Mu sarkawa ne, kamun kifi munka gada kaka da kakanni. 'Yan shekaru bayan Dahome ta samu mulkin kai na ɗauki jakata na nufi Legas, saboda labarin da nake ji cewa akwai manyan jiragen kamun kifi masu neman ma'aikata. A zangon Hausawa na Legas na gamu da wani mutum mai haƙorin Makka, ana ce masa Mamman Dogo. Da ya ji irin Hausata sai ya rungume ni, ya ce ai kakarsa 'yar Gaya ce, ƙetaren kogi kawai da mu, don haka ni ɗan'uwansa ne. Ya ce jiragen Legas sun cika, amma a Panya Turawa na neman mutanen kogi ido rufe, har ɗaki da takalman roba suke bayarwa. Na yi ta godiya ga Allah da ya haɗa ni da ɗan'uwa a wannan ƙaton gari.

Shi ya kai mu Kalaba cikin babbar mota, mu da yawa. A wani ofishi akawu ya yi mini tambayoyi da Turanci, Mamman Dogo na amsawa a madadina, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Na dangwala yatsa a takarda. Da anka fara shiga jirgi ya ce in yi gaba, zai sayo mana goro ya iske ni. Har jirgin ya ɗaga ina tsaye ina leƙen hanya, ina tausayin bawan Allah da goro ya sa ya rasa jirgi.

Mun sauka a Santa Isabel, babban garin tsibirin, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Anka ɗora mu a mota, sai na ga ta juya wa teku baya ta kama hawan dutse. Tun ina hango ruwa ta tsakanin itatuwa har na daina. A ƙarshen hanya anka ba kowa adda da bargo da tukunya. Na tambayi wani tsohon lebura Bakatsine inda jiragen kifin suke. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce kifin da ke nan busasshe ne mai gishiri, ranar Asabar ake raba shi. A nan na gane abin da ya tsai da Mamman Dogo wurin sayen goro.

Ɗakin da anka ba ni mu biyu ne a ciki. Abokin zamana wani Ibo ne siriri mai tabarau, sunansa Obi, amma kowa Ticha yake ce masa, don malamin makaranta ne a garinsu kafin su ɓata da shugaban makarantar. Shi aikin akawu anka yi masa alkawari, ya taho da lema da farar taguwa mai guga, anka miƙa masa adda kamar kowa. Ranar farko zama munka yi muna kallon juna. Ina da Hausa, ina da Dandanci, yaren yankinmu, ina da ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, kafin Baba ya mai da ni cikin kwalekwale. Shi yana da Ibo da Turanci. Duk da wannan tarin harsuna, ko "miƙo gishiri" ba mai iya gaya wa ɗan'uwansa.

Aiki ne ya haɗa mu. Kullum da safe kapatas, wato shugaban leburori, yana yanka wa kowa wurin da zai sassabe a ƙarƙashin itatuwan koko, wanda bai gama ba a rage masa abinci. Hannun Ticha na riƙon alli ne, kafin a ce me ya yi bororo ya fashe. Ni kuwa tuƙin jirgi ya daɗe da mai da tafin hannuna kamar ƙirgi. In na gama nawa sai in zagaya in kama masa. Ba shi da abin da zai rama mini da shi sai Turanci, don haka ya ɗora mini karatu ko ina so ko ba na so.

Leburori duka da Turancin broka suke magana, kuma ita na fara ɗauka don ta fi sauƙi. Ticha in ya ji broka a bakina sai ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Abin da ya fi so a duniya shi ne ya samu kalmomi biyu masu kama da juna, ya jera su, ya nuna inda sunka rabu. Wata rana kapatas ya zage mu tas, na dawo raina a ɓace. Ticha ya kama kunnensa ya ce "hear", sa'an nan ya dafa ƙirjinsa ya ce "listen". Da nuni da 'yar brokar da yake ƙi ya fahimtar da ni cewa ta farko ita ce magana ta faɗo maka a kunne ko ba ka so, ta biyu kuwa kai ne ka buɗe mata ƙofa. Ya ce kapatas da ta farko kawai ake jin sa. Wannan darasi ya fi bargon da anka ba ni amfani.

Wani yammaci kuma ya buga bangon kwanon ɗakinmu ya ce "house". Sai ya ce in ba shi labarin inda mahaifiyata take. Na kama kwatanta masa Malanbil da 'yan kalmomin da nake da su, gada, da kasuwa, da jiragen da ke tasowa daga Gaya shaƙe da kaya, da hayaƙin kifin da Inna ke kyafewa a bayan gida. Ya bar ni na gama, ya ce to wancan shi ne "home". Na ce mu duka biyun gida muke cewa. Ya ce wanda ya raɗa sunan bai taɓa zuwa Panya ba. Na yi dariya, amma ranar na kasa cin abinci, sai ƙamshin wannan hayaƙi nake ji a hancina.

Ranar Lahadi ba a aiki. Na gano wata 'yar hanya mai gangarawa teku, na samo zare wurin wani Bahaushe mai tireda a gari, na saƙa birgi, wato ragar nan ta jifa. Kifin teku ba irin na koginmu Kwara ba ne, amma shi ma yunwa gare shi kuma ba shi da wayo sosai. Na riƙa dawowa da kwando cike, maƙwabta na samun na miya. Wata Lahadi na yi kiciɓis da Mama Rosa, kukun gidan manajan gona. 'Yar ƙabilar Bubi ce, mutanen asalin tsibirin, gajera mai murya kamar ta mutum uku. Ta leƙa kwandon, ta zaɓi manya, ta wuce abinta. Ashe uwargidan manaja, Senyora Pilar, ta gaji da kifin gwangwani. Kafin mako ya zagayo anka ɗauke ni daga sassabe, da safe in je kamun kifi, da rana in taya Mama Rosa aikin kicin.

A ranata ta farko a gidan na kusa rasa aikin, da ma abin da ya fi aikin. Ina bayan kicin ina faskare sai na ji Senyora daga falo tana kirana da ƙarfi, tana cewa, "Umaru, la mesa, la mesa!" Ban san komi a yaren Panya ba, wato Sifaniyanci, amma mesa kam na san ta, kuma na riga na ga irin waɗanda ke cikin dajin nan. Na zari adda na faɗa falon a guje, ina ture kujeru, ina leƙa ƙarƙashin kabad, ina tambayarta da Hausa ina take. Ita kuwa ta ga ƙato ya shigo mata da adda tsirara, ta haye kan kujera ta dage da ihu. Ihun nata ya ƙara tabbatar mini macijiyar na kusa, na ƙara himma. Manaja ya shigo da bindiga, kapatas na bayansa. Anka ƙwace addar, anka zaunar da ni a ƙasa, ana maganar a kira masu gadi su tafi da ni gari.

Allah ya taimake ni Mama Rosa ta ce a bari a ji ta bakina tukuna. Anka kira Ticha daga gona. Na gaya masa da guntun Turancina, ina kwatanta tsawon macijiya da hannuwa. Shi ya gaya wa Mama Rosa da broka, ita ta juya wa Turawan. Da maganar ta isa ƙarshen layi sai manaja ya ajiye bindiga ya riƙe ciki don dariya. Ashe mesa a yarensu tebur ne, so take in zo in shirya teburin abinci. Senyora ta sauko daga kujera tana share hawayen dariya, ta ce wa Mama Rosa daga yau a koya wa wannan mutum magana kafin ya kashe wani.

Mama Rosa ba ta san koyarwa irin ta Ticha ba. Ita abu take ɗagawa ta faɗi sunansa, in na maimaita ba daidai ba ta ƙwanƙwasa mini ludayi a bayan hannu. Ruwa "agwa", madara "leche", wuƙa "kuchiyo", wuta "fuwego". Na ɗauka Faransancina zai rage mini hanya, kuma ya rage a wasu wurare, amma a wasu rami ya haƙa mini. Tana tsaye kan tukunya ta miƙo hannu ta ce "sal". A Faransanci wannan ƙazami ke nan, sai na fita na wanke hannuwana na dawo. Ta sake cewa "sal" da ƙarfi, na koma na wanke har gwiwar hannu. Da na dawo karo na biyu na iske ta ɗauko gishirin da kanta, tana duban sama tana magana da wani waliyyinsu. Haka ranar da Senyora ta ce in kawo "gato" falo, baƙi na son gani. A Malanbil gato kek ne, don haka na yi ta neman kek a kicin, alhali farar kyanwarta take nufi, wadda ke kwance a kan taga tana kallona.

Wadda ta fi zama mini a kai ita ce ta kifi. Wata rana teku ta yi fushi na dawo hannu wofi, na ce wa Mama Rosa kada ta damu, akwai "peskado" da yawa a cikin ruwa, gobe zan kawo. Ta ce a'a, wanda ke cikin ruwa yana yawonsa "pes" ne, ba ya zama "peskado" sai ya shiga kwandona, kuma ita ba a ɗauke ta aiki don ta dafa "pes" ba. Na ce a raina mutanen nan sun san masunta, sun san yawan kifin da muke kamawa da baki.

Lokacin bikin Kirsimeti Senyora ta miƙo mini wani ƙunshi mai kyau ta ce nawa ne, "habon" ne daga Sifen. Ni kuwa kunnena "hamon" ya ji, naman aladen nan da suke ratayewa a kicin wanda na riga na gaya wa kowa ba na taɓawa. Kunya ta hana ni ƙi. Na karɓa da gefen riga, na fita na soka shi a sanda, na kai wa Ticha. Ya yi murna ƙwarai, ya wanke hannu, ya kira wani abokinsa, ya sa anka dafa agada. Da ya kwance ƙunshin sai ga sabulu mai ƙamshi. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce da na kula da darussansa na bambanta kalmomi da ban wulaƙanta shi gaban baƙo ba. Shi kansa kuwa ya rantse ba zai koyi kalma ɗaya ta Panya ba, wai ba ya koyon yaren mutanen da sunka ba malami adda.

Har a asibiti abin bai bar ni ba. Zazzaɓi ya kayar da ni anka kai ni gari. Wata sista mai farin lulluɓi ta nuna ni tana ce wa wasu ƙarti biyu "kama, kama", na yunƙura zan gudu da sauran ƙarfina, ashe gado take nufi. Likita kuma ya zo ya tsaya kaina yana cewa "boka". Na tattara Sifaniyancina na gaya masa ni Musulmi ne, ba na zuwa wurin boka, shi dai ya ba ni magani. Ya buɗe nasa bakin ya nuna mini da yatsa. Na buɗe nawa.

Haka shekaru sunka yi ta tafiya har yaƙi ya ɓarke a Najeriya. Yawancin leburori mutanen gabas ne, inda wutar ke ci, mu masu jin Hausa kuwa ba mu da yawa. Fuskoki sunka canza. Wata rana a bakin famfo wasu samari sunka kewaye ni, ɗaya ya ture bokitina, ina jin kalmar Hausa na yawo a tsakaninsu. Sai ga Ticha da lemarsa ya ratsa ya tsaya gabana. Ya yi musu dogon jawabi da Ibo, irin na malami a gaban aji. Ɗaya bayan ɗaya sunka watse. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce, wai ni ko ƙasarsu ban fito ba, kuma duk wanda ya taɓa cin kifina ya amayo shi tukuna kafin ya taɓa ni. Ya ce da ya duba fuskokinsu bai ga wanda bai ci ba.

A ranar ne ya jera mini wasu kalmomi da gawayi a jikin bango. Ya ce "stranger" shi ne wanda ba ka sani ba, "foreigner" wanda ya fito wata ƙasa, "visitor" wanda ya leƙo zai koma, "guest" kuwa wanda ka shimfiɗa wa tabarma da hannunka. Na ce mu duka baƙo muke cewa. Ya ce wannan lalaci ne. Na ce ba lalaci ba ne, duka ruwa ake fara ba su. 

Labarin gida ya yanke masa ɗif. Bai san halin da mahaifiyarsa take ciki ba, balle Ngozi, yarinyar da zai aura. Kowace Lahadi sai ya gangara tashar jiragen ruwa ya yi tambaya ya dawo shiru. Mama Rosa ta riƙa ajiye masa abinci, in ta miƙa masa ta ce "espera". Ya tambaye ni ma'anarta. Na ce jira take nufi, kuma ita ce dai sa rai, su kalma ɗaya gare su. Ya cire tabarau ya goge, ya ce Turanci ya raba "wait" da "hope", amma a nan kam mutanen Panya sun fi gaskiya. Ita ce kalmarsu ta farko da na ji a bakinsa.

Ba a daɗe ba tsibirin ya samu mulkin kai, abubuwa sunka rikice. Turawa sunka fara tattara kaya cikin gaggawa. Senyora ta bar wa Mama Rosa kyanwar, ta ba ni rigar ruwan mijinta, ta tafi tana kuka. Anka daina raba abinci, hanyoyi sunka cika da samari masu bindiga da ke tare mutane. Wa'adin aikinmu ya daɗe da cika, amma jirgin Kalaba ba ya tafiya, kuma ko yana tafiya ba inda Ticha zai sa ƙafa. Mama Rosa ce ta jiyo mana cewa akwai wani jirgin kamun kifi na Turawa a tasha wanda ma'aikatansa sunka gudu, zai koma ƙasarsu, kuma zai tsaya Kotonu shan mai.

Na iske kyaftin ɗin a kan jirgi, wani ƙaton mutum mai gemu yana ɗinkin raga da kansa. Na karɓi allurar na ci gaba da ɗinkin muna magana da yarensa. Ya ce zai ɗauke ni, amma mutum ɗaya yake so. Na nuna masa Ticha da ke tsaye a ƙasa da lema, na ce "ermano" na ne, wato ɗan'uwana. Ya dube ni, ya dubi Ticha, ya ce wannan bai taɓa riƙe kifi mai rai ba.

Na ce, "Gaskiya ne. Amma gabanka akwai tashoshin da Turanci kawai suke ji, kuma duk tsibirin nan ba wanda ya kai shi Turanci. In ba shi, ni ma ba ni zuwa."

Ya dubi ragar da ke hannuna, sa'an nan ya ce mu zo da sassafe. Ticha ya so ya ƙi, wai in ya yi nisa labarin gida ba zai iske shi ba. Na ce labarin da bai iske shi a nan ba duk tsawon wannan lokaci, ya jira shi inda akwai tuwo. Mama Rosa ta raka mu har tasha da ƙunshin dafaffiyar agada. Na ce mata "adiyos", ta daka mini tsawa ta ce wannan ta masu rabuwa ce har abada, in ce "asta luwego", sai an jima. Na faɗa yadda take so. Ban sake ganinta ba, amma har yau in na ɗauki ludayi ina tuna ta.

A ƙarshe dai na yi aikin da ya fitar da ni daga gida, na ja raga a jirgin teku, ko da na 'yan kwanaki ne. Ticha kuwa tun da jirgi ya ɗaga ya rungumi bokiti bai sake shi ba sai Kotonu. Turancin da na yi wa kyaftin talla, ko kalma ɗaya bai samu ji ba.

A Kotonu 'yan duwan, wato kwastan, sunka bar mu munka wuce don ba mu da kaya, amma wani jandarma ya tare Ticha, ya juya takardarsa ya ce wannan daga ƙasar da ake yaƙi ya fito, wa ya san shi a nan. Na ji lafazin jandarman irin na arewa ne, sai na gaishe shi da Dandanci. Ashe mutumin Kandi ne, can kusa da mu. Na ce masa baƙona ne, gidanmu zai sauka a Malanbil, ni ke da alhakinsa. Ya tambayi sunan Baba da unguwarmu, ya miƙa wa Ticha takardarsa, ya ce mu gai da kogi.

Jirgin ƙasa ya kai mu Paraku, daga nan kamyo, wato babbar mota, ya kwashe mu bisa buhunan gishiri. Da munka wuce Gene na fara jin iskar kogi, na kasa zama. Inna na bayan gida tana juya kifi a kan wuta lokacin da na yi sallama. Ta juyo ta dube ni, ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da zane. Baba kuwa bayan an gama koke-koke da gaisuwa ya tambaye ni abin da na kawo daga Panya. Na nuna masa rigar ruwa, na nuna masa Ticha.

Ya ce, "Ɗiyan mutane na kawo keke, wasu rediyo. Kai malami ka kawo muna. To, Allah shi sa albarka, a ba shi ruwa."

Anka share ɗakin da Inna ke zuba albasa anka ba shi. Nan fa reshe ya juya, ni na zama malami. Ranar da anka kawo masa tuwo na ce miyar kuka ce, ya ajiye loma ya tambaya wa ya rasu, don kukan da ya sani na hawaye ne. Ya sha wuya wurin raba baki da baƙi, har ya taɓa ce wa wasu dattawa da sunka zo gaishe shi ya gode da bakinsu. Inna ba ta jin Turanci, shi bai gama jin Hausa ba, amma sai su wuni a bakin murhu tana magana yana gyaɗa kai. Fataken da ke shiga Najeriya sunka fara zuwa yana koya musu Turancin ciniki a rumfar kasuwa, yana yi musu faɗa kan broka, su kuma suna kawo masa shinkafa da zabi.

Da yaƙin ya ƙare ya ce zai je ya ga abin da ya rage. Inna ta cika masa kwando da banda, ta ce in gaya masa ɗakinsa na nan, ba za a sake zuba albasa a ciki ba. Shekara ta wuce, wata ta bi ta, ba labari. Albasa kuwa ta yi kyau, ba wurin zuba ta, alkawarin Inna ya sha ruwa.

Sai bayan soja sun canza wa ƙasarmu suna zuwa Benin, wata ranar kasuwa ina gyaran taru a ƙofar gida, na ji ana sallama da wata irin Hausa da na sani. Ticha ne, ya yi ƙiba, ga furfura, ga wata mace kyakkyawa a bayansa. Ngozi ce. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba, amma ita ya same ta da rai, sun yi aure, ya koma koyarwa. Inna idonta ya riga ya yi rauni, amma da ta ji muryarsa ta ce wanga mai tambayar wa ya rasu ne, ta sa anka kama kwashe albasa tun bai zauna ba.

An share ɗakin, an yayyafa ruwa, an yi turare, amma albasar shekaru ba ta fita a yini ɗaya. Da safe Ngozi ta fito tana toshe hanci, ta ce wa mijinta da Turanci ɗakin nan "stink" yake yi. Ticha ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa, ya fara yi mata bayani cewa "stink" na abin da ya ruɓe ne, wannan kuwa "smell" ne kawai, don albasar Malanbil lafiyayya ce. Ta bar shi ya kai aya, sa'an nan ta juyo gare ni ta tambaye ni da broka shekara nawa na yi ɗaki ɗaya da wannan mutum. Na ce da dama.

Ta ce, "Kuma ba ka jefa shi teku ba?"

Na juya wa Inna maganar da Hausa. Ta yi dariya har da tari, ta jawo Ngozi ta zaunar da ita kusa da ita a kan tabarma, ta ce a kawo wa ɗiyarta fura, shi kuwa malam a bar shi ya gama karatunsa.